Kyaftin Gwadabe da Jan Layin Manaja

Duk wanda ya taɓa zuwa yawon Sallah Dam ɗin Kulob, can bayan masana'antun Challawa ta wajen Panshekara, ya san Malam Gwadabe ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan mai shuɗin kaki da farar hula irin ta matuƙan jirgin ruwa, wanda ke tsaye a bakin ruwa yana daka wa jama'a tsawa. Kyaftin ake ce masa. Ni na san shi tun kafin ya zama Kyaftin, lokacin da muke aiki a ɗakin injinan saƙa na masaƙar da ta gina dam ɗin, don haka in na yi masa tsiya ina da hurumi.

Daga wani ƙauye na ƙasar Haɗeja ya zo Kano yana saurayi. Mutum ne mai gaskiya, ba ya sata, ba ya latti, amma Allah ya yi masa wata irin biyayya da ta fi rashin biyayya ɓarna. Zare zai tsinke a gabansa, injin yana ta saƙa iska, shi kuwa yana tsaye ya rungume hannu. In aka tambaye shi dalili sai ya ce, "Ba a ce in ɗaura ba." In kuma aka ce ya yi abu, to ba zai daina ba sai wanda ya sa shi ya dawo ya ce ya daina. Akwai ranar da foman ya ba shi tsintsiya ya ce ya yi ta shara kafin ya dawo, ya wuce wajen suna a Hotoro ya manta da shi. Masu karɓar mu aiki suka zo suka tarar da Gwadabe yana share wurin da babu ko tsinke.

Shi dam ɗin ba wani babban abu ba ne. Jinga ce ta ƙasa aka tare wani rafi da ita don sashen rini ya riƙa samun ruwa. Da ruwa ya taru, manyan kamfani suka ga wurin ya yi kyau, sai suka gina kulob a gefe, suka shuka ciyawa, suka sayo farin kwale-kwale don iyalinsu su riƙa shan iska ranar Lahadi. Aka rasa mai tuƙi. Manaja, wani baƙo daga ƙetare, ya tambaya ko a cikin leburori akwai mutumin bakin kogi. Foman, wanda ya daɗe yana neman yadda zai rabu da ƙaya, ya ce ai ga Gwadabe nan, ɗan Haɗeja ne. Manaja ya taɓa cin kifin Haɗeja, shi ke nan magana ta ƙare. Ƙauyen su Gwadabe kuwa tudu ne, rijiyarsu sai an haɗa igiya da igiya, kuma har yau ɗin nan bai iya iyo ba. Bai faɗa ba, don ba a tambaye shi ba.

Daga baya abin da ya ci sauran masaƙun Kano ya ci tamu. Wuta ta zama sai an gan ta, atamfar waje ta cika kasuwar Kwari, injina suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo, Manaja ya biyo ta bakin dam. Akwai wani ginshiƙin siminti kusa da dakalin da kwale-kwale ke tsayawa, an ja masa layi da jan fenti. Ya nuna layin da sandarsa, ya ce da guntuwar Hausarsa, "Gwadabe, ruwa tsaya nan. Ba sauka. Ni dawo." Hikimar layin ba ta wuce wannan ba: in ruwa ya yi ƙasa da shi, kwale-kwale ba ya isa dakali, sai matar Manaja ta taka taɓo.

Mu sauran mun san "ni dawo" irin maganar da ake yi ce a bakin mota. Muka watse. Wasu suka koma dako a Dakata, wasu suka sami gurbi a kamfanonin roba na Sharada da Bompai, wasu suka tattara suka koma Zonkwa da Maraɗi, ni kuma na kama tuƙin Adaidaita Sahu. Gwadabe ya tsaya. A lissafinsa babu wanda ya ce masa an sallame shi, kuma muddin ruwa yana kan jan layi, to yana bakin aiki. In muka haɗu a majalisa muna ce masa jiran gawon shanu yake yi, sai ya gyara hularsa ya ce, "Ku tsofaffin ma'aikata ne. Ni ma'aikaci ne." Wannan kalma ita ce dukiyarsa, ba shi da wata.

Abinci dai bai gagare shi ba. Da Sallah da Kirsimeti wurin cika yake yi maƙil, masu tsire, masu hoto, masu kiɗa, kowa yana son a zaga da shi a farin kwale-kwalen da tuni ya koma ruwan toka. Angwaye da amare suna zuwa ɗaukar hoto a kan jinga, su juya wa hayaƙin kamfanonin fata baya, a ce wai a ƙasar waje aka ɗauka. Rigar ruwa mai hana nutsewa guda ɗaya ce a wurin, kuma tana jikin Kyaftin.

Shekaru suka yi ta tafiya, dam yana tsufa tare da mai gadinsa. Darbejiya ta fito a jikin jinga ta yi jijiya, aka ce ya sare, ya ce dukiyar kamfani ce. Gara ta gina suri, gafiya ta haƙa gidaje har da na haya. Saman jingar ya tsage, tsagar da takalmin wata amarya ya taɓa maƙalewa a ciki sai da aka sa sanda. Ta ƙasa kuma, a gindin jingar, wani wuri ya fara jiƙewa, ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar bazara. Duk waɗannan ba su hana Gwadabe barci ba. Abin da ke cin ransa shi ne da rani ruwa ya fara sauka ƙasa da jan layi, saboda yoyon nan.

Sai ya samo magani irin nasa. A gefe guda na dam ɗin akwai makwarara, wato hanyar da masu gini suka bari don rarar ruwa ta riƙa fita da damina kada ta hau kan jinga. Gwadabe ya dube ta ya ga asara ce tsagwaronta: ga ruwan kamfani yana zurarewa a banza, shi kuma yana neman sa da rani. Ya cika buhuna da yashi ya jera a bakinta. Shekarar nan ruwa bai bar layi ba sai dab da faɗuwar damina. Daɗi ya kama shi, kowace shekara sai ya ƙara jeri, har makwarara ta zama katanga.

Ana haka dillalan filaye suka gano kwarin da ke ƙasan dam. Tun da aka tare rafi wurin ya bushe, su kuwa dillalai ko tsakiyar titi suka ga ya bushe za su yanka shi fuloti. Suka raɗa wa wurin suna Unguwar Ni'ima, saboda sanyi. Masu ƙaramin ƙarfi suka yi ta saye. Cikinsu akwai Rahila, wadda kowa ke kira Maman Joshuwa, mutuniyar Zonkwa, mijinta ya rasu yana aiki a kamfanin fata, ita kuma tana sayar da shinkafa da wake ga masu tashi daga aiki. Ita ke aika wa Gwadabe abincin rana, ita ce kuma kaɗai ke iya gaya masa magana son ranta. Akwai kuma 'yarsa ta cikinsa, Badi'a, da mijinta Uwaisu mai aiki a kamfanin roba a Sharada. Bulo-bulo suka tara har suka tayar da ɗaki biyu da kicin. Gwadabe da kansa ya zaɓa musu filin. Ya ce, "Ga iska, ga tsaro. Ina sama ina kallon ku."

Wata shekara aka turo wani injiniya, Mustapha, matashi mai hankali. Ya zaga jinga, ya zura sanda a ramin gafiya sanda ta shige duka, ya tsuguna a gindin jinga ya daɗe yana kallon yoyon. Da ya iso makwarara ya ga buhuna, sai ya cire hularsa ya share gumi.

Ya ce, "Baba, wa ya jera waɗannan?"

Gwadabe ya ce, "Ni ne. Aiki ne na shekaru."

"Baba, ku taimaka ku kwashe su kafin damina. Jingar nan ta tsufa, ba za ta iya ɗaukar ruwan da kuke tara mata ba. Kamata ya yi ma a rage ruwan sosai."

"A rage ya sauka ƙasa da layi?"

"Ƙasa sosai."

Gwadabe ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Yaro, kai ka ɗauke ni aiki?"

Injiniya ya ce a'a.

"To wanda ya ɗauke ni ya ce ba sauka."

Injiniya Mustapha ya yi iyakar abin da injiniya ke iya yi a ƙasar nan, wato ya koma ofis ya faɗa. Kafin ya tafi ya bi gidajen Unguwar Ni'ima ya gaya musu cewa muddin ruwan yoyon fari ne da sauran dama, amma ranar da suka ga ya yi jaja-jaja da laka, to jinga ce ke cin cikinta, kowa ya kama gabansa. Mafi yawansu suka ce Allah ya kyauta, suka ci gaba da abin da suke yi. Bayan wata da watanni sai ga kwamiti cikin motoci, da masu ɗaukar hoto. Suka ci tsire, Kyaftin ya zaga da su a kwale-kwale, shugabansu ya ce wuri irin wannan ai arziki ne da ya kamata a bunƙasa. Gyaran da aka yi shi ne allo. Aka kafa shi a kan jinga, daidai kan tsagar, aka rubuta cewa an hana wanka.

Damina ta bana ta zo da ƙarfi. Cikin watan Agusta aka jera kwanaki ana tsuga ruwa, jan layi ya nutse har ba a ganin kan ginshiƙin, Gwadabe yana ta murna wai bana ko bazara ta kai ina ba abin da zai taɓa shi. Wata safiya, ana yayyafi, Maman Joshuwa ta hau jinga da kwano a hannu ta ajiye masa a gaba. Ya buɗe yana tsammanin shinkafa, sai ya ga jan ruwa.

Ta ce, "Baba Kyaftin, wannan daga bayan kicin ɗina na ɗebo. Jiya fari ne. Yau ka gan shi kamar kunun kanwa."

Ya ce, "Maman Joshuwa, damina ce. Ko'ina laka."

"Ba daga sama ya zo ba, daga cikin ƙasa yake ɓulɓulowa. Ka kwashe buhunan nan."

"Ba a ce in kwashe ba."

"Wanda zai ce ɗin yana ina? Mutumin nan in yana da rai ko sunanka ba zai tuna ba."

Wannan magana ta soke shi, na san ta soke shi, don ya juya mata baya. Ita kuwa ba ta tsaya lallashi ba. Ta sauka ta bi gida-gida tana buga ƙofa da ludayi, Musulmi da Kirista, tana kora mutane makarantar firamare da ke kan tudu. Wasu suka bi ta don tsoro, wasu don sun san bakinta. Ni ma Adaidaitata ta tare, ta ɗora min tsofaffi da katifu ba tare da ta tambaye ni ba.

Wajen hantsi Badi'a ta hau jinga da goyo a bayanta. Uwaisu yana wurin aiki, waya ba ta shiga. Ta durƙusa ta gaishe da mahaifinta yadda ta saba, ruwa na dukan ta.

Ta ce, "Baba, ku yi wa Allah ku buɗe wa ruwan nan hanya."

Ya ce, "Badi'a, in na kwashe buhunan nan, da rani ruwa zai sauka. In Manaja ya dawo ya tarar da shi a ƙasa, me zan ce masa? In ce na bar aiki?"

"In ba a ce ku kwashe ba, to ni na ce."

"Ke ba Manaja ba ce."

Ta ce, "Haka ne, Baba. Ni 'yarku ce kawai. Gidana ne a ƙasa, ku kuka zaɓa min shi." Ta miƙe ta gyara goyonta ta sauka, ba ta waiwayo ba.

Ya daɗe a tsaye. Waɗanda ke kan tudu sun gan shi yana kai da kawowa tsakanin inda ginshiƙi yake da makwarara, yana magana shi kaɗai. Can sai ya nufi wani ƙarfe mai kama da sitiyarin mota da ke tsakiyar jinga, wanda aka yi don buɗe bututun da ke zubar da ruwa ta ƙasa. Dabararsa ita ce ya rage na saman layi kawai ya rufe, ya ga bai saɓa wa kowa ba. Tun tafiyar Manaja ba a taɓa murɗa ƙarfen nan ba, sai dai duk jajiberin Sallah Gwadabe ya shafe shi da fenti ya yi ƙyalli. Ya kama ya murɗa. Sitiyari ya juya cikin sauƙi, ya yi ta juyawa, don sandar da ke haɗa shi da bututun tsatsa ta cinye ta tun tuni. Shekara da shekaru yana yi wa abin da ba ya riƙe da komai kwalliya.

Sai a lokacin ya ruga makwarara ya fara jan buhuna da hannunsa, tsoho shi kaɗai, buhuna sun jiƙe sun haɗe da juna. Wasu maza suka sauko daga tudu suka kama masa. Ihu bayan hari ne. Bayan azahar jinga ta zauna daidai gindin babbar darbejiyar nan, bishiyar ta kwanta, ruwa ya bi ramin da saiwarta ta bari. Da ƙyar aka janye Gwadabe, yana ta cewa a bar shi ya ɗaure kwale-kwale. Muna tsaye a kan tudu muka ga Unguwar Ni'ima tana tafiya, kwanon rufi, awaki, keken ɗinki, tukwanen Maman Joshuwa. Ɗakunan Badi'a suna layin farko, su suka fara faɗuwa. Ba a rasa rai ba, kuma wannan aikin ludayin Rahila ne, ba na allo ba. Na daɗe ina yi wa Gwadabe dariya, amma ranar tausayi da haushi ne suka cika min ciki, na rasa wanda ya fi yawa.

Ranar da kwamitin bincike ya zauna, an kafa rumfa a filin tsohon kulob, gaban wani faffaɗan taɓo da a da ake kira dam. Tambaya ɗaya ce ta gagara: na wane ne? Wakilin wannan ofis ya ce dam ɗin kamfani ne, ba ya cikin nasu. Wakilin wancan ya ce su shaƙatawa suke kula da ita, ba ruwa ba. Mutumin bankin da ya karɓe masaƙar ya ce su injina suka karɓa, bai ma san akwai ruwa a baya ba. Masu yankar tikiti a ƙofa duk Sallah suka ce su tsaftar wuri kawai suke yi. Dillalan filaye kuwa ko ƙeyarsu ba a gani ba. Injiniya Mustapha yana can kujerar baya, ba a ba shi damar magana ba.

Shugaban kwamiti ya gaji, ya buga tebur ya ce, "To wai duk shekarun nan wa ke kula da dam ɗin nan?"

Gwadabe yana zaune a cikinmu, ya sha guga, kakinsa har yana ɗaukar ido. Na ga Maman Joshuwa ta kama gefen rigarsa tana ja ƙasa. Ya fizge, ya miƙe, ya ƙame.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Gwadabe, sashen kwale-kwale."

Ban taɓa ganin manyan mutane sun sami sauƙi lokaci guda irin na ranar ba. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Aka tambaye shi wa ya toshe makwarara, ya ce shi ne. Aka tambaye shi ko an gargaɗe shi, ya ce an yi, amma ba ta hannun shugabansa ba. Laifi kam yana da shi, ba zan wanke shi ba. Sai dai a cikin duk masu laifin da ke ƙarƙashin rumfar nan shi kaɗai ne ya amsa sunansa, shi kaɗai kuma aka saka a bayan mota.

Washegari da rana na ɗauki Badi'a a Adaidaita muka kai masa abinci inda ake tsare da shi. Ita da mijinta da yaransu suna kwana a ajin makaranta, allo ne ya raba su da wani iyalin. Aka fito da shi ya zauna a benci, an karɓe hular, kansa duk furfura. Ya tambaye ta yara, ta ce lafiya lau. Ta buɗe kwano ta tura masa gaba.

Akwai rediyo a kan kantar mai tsaron, ana labaran rana. Sai muka ji an ce, dangane da ɓallewar dam ɗin da ya rushe gidaje a yankin Challawa, hukuma ta tsare wani ma'aikacin kamfanin, kuma bincike na ci gaba. Gwadabe ya tsaya da loma a hannu. Wallahi fuskarsa washewa ta yi. Ya dube ni, ya dubi 'yarsa.

Ya ce, "Badi'a, kin ji? Ma'aikacin kamfanin suka ce. A rediyo."

Ta ce, "Na ji, Baba. Ku ci abincin in tafi da kwanon. Na Maman Joshuwa ne, ita ma aro ta yi. Ni ba ni da kwano yanzu."